Guɗar Biba a Faifan Masu Jita

Biba 'yar Damagaram ce, kuma a garinsu ba a kai amarya sai da ita. Maguɗiya ce tun tana budurwa. In ta kama hanci ta rangaɗa, har 'yan unguwar gaba sun san an fito da amarya. Mijinta ya rasu, guɗa kuwa ba ta ciyar da marayu, sai ta bi masu zuwa aiki Riyad. Ta sami shara da goge-goge a wani kamfani, ta kama ɗaki a unguwar Shumaisi, ta kama bakinta. Shekarunta da yawa a garin, ba wanda ya san tana da murya.

Kamfanin ya tura ta wani zauren taro da ake haya. Shugabanta Issoufou, mutumin Maraɗi, shi ne mushrif, mai rarraba musu aiki. Wata rana ya ce mata wasu samari za su yi kiɗa, za a ɗauki sauti da hoto a gaban jama'a, a fitar da faifai da fim.

"Yaya Biba, ki tsaya bayan labule da tsummanki. Ko tari ya zo miki, ki haɗiye."

"Waƙar wa za su yi?"

"Ba waƙa. Kiɗa ne zalla."

"To wa za a wasa?"

"Ba kowa."

Biba ta ce lallai samarin nan ba su da aikin yi.

Bayan magariba aka fara. Jita biyu, ganguna, da wani mai goge irin na Turawa. Kiɗan ya faro ƙasa-ƙasa kamar ɗigon famfo, ya yi ta maimaita abu ɗaya har Biba ta fara hamma. Sannan ya soma hawa. Mai ganga ya jiƙe da gumi, dandamali ya ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Ta leƙa ta ga jama'a zaune kamar a zaman makoki, ba mai motsi. Abin ya ba ta haushi. A garinsu, makaɗi ya kai nan ba macen da ta yi masa guɗa, an ci mutuncinsa ke nan.

Kwatsam kiɗan ya ɗauke. Zaure ya yi tsit. Biba ba ta san shirun nan cikin kiɗan yake ba, kuma shi ne abin da samarin suka fi ji da shi. Ita dai ta ga an gama, ba wanda ya tanka. Ta ajiye tsumma, ta kama hanci, ta saki guɗa.

Tana tsakiya ganguna suka dawo kamar aradu.

Washegari Issoufou ya ce ta zauna a gida. "In samarin nan suka kai ƙara kamfani, ba mai sabunta miki iƙama, takardarki ta zama a ƙasar nan. Sai filin jirgi. Me ya kai ki?"

"Yaran sun yi ƙoƙari."

"Ke aka ɗauka alƙali?"

Ta zauna a ɗaki tana tunanin 'yarta ta ƙarshe da ke makarantar ungozoma, wadda da albashin sharar nan take karatu. Ba ta yi kuka ba. Ta wanke kayanta ta ninke, ko da za a ce ta tafi.

Ana cikin haka Issoufou ya zo da wani mutum mai suna Luqman, ɗan wani likita Bakano. A Riyad aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, shi ne mai haɗa wa samarin sauti.

"Inna, sannu. Muryarki ta shiga kowane makirfo. Na yi, na yi, ba ta fita."

"Ai ba a yi ta don ta fita ba."

Luqman ya ce samarin sun yi ta gardama. Ɗaya daga masu jita ya ce a jefar da kiɗan gaba ɗaya. Mai ganga ya ce shi ya ji ta, ya tuna bikin yayarsa, shi ya sa ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. A ƙarshe mai ganga ya yi rinjaye, za a bar guɗar a faifan, amma sai in Biba ta yarda. Luqman ya sa mata abin ji a kunne. Ta saurara har ƙarshe, fuska a ɗaure.

"Numfashina ya ragu," ta ce. "Da, sai na ninka wannan."

"Za mu sa sunanki, Inna. Da fuskarki a fim, in kina so."

"Iƙamata shara ta ce, ba kiɗa ba. Ku bar suna, ku bar fuska. Ɗana, abu ɗaya nake so. Ku faɗa wa kamfani ba ku da ƙara."

Ya kira su nan take, a gabanta.

Faifai ya fito, fim ya fito. A wurin shirun, hoto yana kan hannun mai ganga a sama, sai guɗa ta keto daga inda ba a gani. Biba ta kalla sau ɗaya a wayar Issoufou, ta miƙa masa abarsa.

An sabunta mata iƙama. Amma kamfani ya ɗauke ta daga zauren, ya mai da ta wani ofishin inshora, inda ba abin da ke ƙara sai na'urar sanyaya ɗaki. Issoufou ya ce can dai ba abin da za ta yi wa guɗa. Biba ta ce ya bari a ga ranar da za a ƙara musu albashi.