Iskar da Ta Tura Baba Arewa

Da keke Baba ya shigo Kwatano yana saurayi, daga wani ƙauye kusa da Gaya, can arewa a hayin babban kogi, kuma tun ina ƙarami nake jin yana cewa da keke zai koma. Duk unguwar Zongo an san maganar. Abokansa masu albasa a kasuwar Saint-Michel har tsokanarsa suke yi, wai ya bari sai keken ya yi furfura tukuna. Ba wanda ya ɗauke ta da gaske sai da ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce. Washegari Baba ya fito da keken zuwa tsakar gida yana ɗiga wa sarƙa mai.

Raina ya ɓaci matuƙa. Ga jirgin ƙasa yana zuwa Parakou, ga manyan motoci suna komawa arewa fayau in sun sauke albasa, amma tsoho ya kafe. Ni kuma ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya ko dafa kafaɗarsa. "Kai" ne sunana, ko "wancan". Ta ina zan fara gardama da shi? Na aika ta bakin Inna, ta dawo mini da amsa: ya ce yanzu ne lokaci, farkon damina, iskar teku tana kaɗawa arewa, ita za ta tura shi har gida. Na ari keken maƙwabci na ce zan raka shi. Ya ci gaba da ɗiga wa sarƙarsa mai.

Zamanin juyin juya hali ne, kowa kamarad ake kiransa, wato abokin gwagwarmaya, har tsoho mai gemu. A shingen Godomey wani jandarma ya tambayi kamarad ina zuwa, Baba ya ce Gaya. Jandarman ya yi dariya har ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Baba ya jira suka gama, ya hau kekensa.

Gaskiya iskar ta kyauta mana da farko. Tana cika masa riga ta baya, shi kuma sai ɗaga kai yake yi, har na fara tunanin ko ni ne wawan. Amma bayan mun wuce garin Allada ta ɗauke cak. Rana ta buɗe, ƙasa tana fitar da tururin ruwan jiya, baƙar laka tana liƙe wa taya. Daga inda nake ina jin numfashinsa kamar ana zarto. A wani hawa na ga kan keken yana rawa, ƙafarsa ta kasa juya feda. Tsoro ya kama ni. Na matso ta bayansa, na miƙa hannun dama na riƙe kariya, ƙarfen da ake ɗora kaya, na tura.

Bai waiwayo ba. Da muka kai saman tudun sai ya ce, kamar da hanya yake magana, "Alhamdulillahi, iska ta dawo."

Haka muka yi ta tafiya kwana da kwanaki. Hannu ɗaya a kekena, ɗaya a nasa. In mun tsaya sallah sai in ɓoye tafin cikin aljihu, don ƙarfen ya yanka shi. Wani lokaci in ji tausayinsa har idona ya cika, wani lokaci in ji kamar in sake shi ya gane kurensa. Shi kuwa duk inda muka yada zango sai ya ba mutane labarin iskar teku da alherinta.

Kusa da duwatsun Dassa hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta juyo ta fara dukan fuskokinmu, ganye da yashi suna shiga ido, mata suna gudu da tirensu a ka. Rigar Baba da take kumbura ta gaba yanzu ni take mari. Ba sauran ƙaryar da za ta tsaya, amma ban saki ba har ruwa ya kece muka faɗa rumfar wata mai sayar da garin rogo.

Ya zauna yana karkarwa, leɓɓansa sun yi fari. Can sai ya kamo hannuna. Tun da na yi wayo bai taɓa yi ba. Ya juya tafin, ya daɗe yana kallon yankan.

"Tun Allada na sani," in ji shi. "Je ka nemo mota."

Ban ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. A bayan motar albasa muka ƙarasa, kekunan a ɗaure, shi kwance har muka haye kogi. Muna hango rumbunan ƙauyensu ya sa direba ya tsaya, aka sauke masa keke. Iska tana fuskarsa, hanyar duk rairayi. Ya hau da ƙyar, ya ce, "Kai, kada ka taɓa."

Na bi shi a ƙasa, na harɗe hannuwana ta baya don kada su ci amanata. Keken yana karkata dama, yana karkata hagu. Ya faɗi sau ɗaya. Na tsaya ina kallo, ina kuka, har ya miƙe da kansa ya sake hawa. A kan keke ya shiga garin.

Bai ga girbin shekarar ba. Tabon yana nan a tafina har yau, amma ba shi ke damuna ba. Abin da ke dawo mini shi ne Baba kwance cikin rairayi, ni tsaye kusa da shi, hannuwana a baya.