Gilashin Da Ta Wanke

Shekara ashirin da shida Anti Mai Awo ta yi a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, ido ɗaya a madubin awo, ɗaya a rufe, har 'ya'yanta na tsokanar ta wai su ma da ido ɗaya take kallon su. Ƙa'idar ɗakin kuwa, duk ƙarshen mako sai a wanke 'yan gilasan da aka shafa wa abin gwaji, a sake aiki da su.

Yayanta tela ne. Ran nan ya zo da gudawa, ta duba bahayarsa, ta ga 'yan ƙwayoyin nan masu zama a hanji, biyu ko uku.

"Ba komai, Yaya," ta ce. "Rabin unguwar nan da su suke yawo. Ka dai sha ruwa sosai."

Bayan mako uku ƙafarsa ta ƙi taka keken ɗinki. Kwana biyu a tsakani, zare ma ya gagare shi sakawa a allura.

Likita ta ce jijiyoyinsa ne suka kumbura. Jiki kan tashi yaƙar wata cuta, ya zarce ya far wa jijiyoyinsa, kuma ana zargin ko irin waɗannan ƙwayoyin ma kan tayar da shi.

"Gilashin gwajinsa yana nan?" in ji likitar.

Ina! Da hannunta ta wanke shi.

"Da na ba shi magani fa, Likita?"

"Ba wanda zai iya ce miki e ko a'a."

Amsar nan ta fi zagi ciwo. Wata bakwai tana matsa masa ƙafa, tana tsoron kada ya ƙare a kujera, bakinta kuma ya yi nauyi. Ranar da ya koma shago, yana jan ƙafar hagu, ta daure ta faɗa masa komai.

Ya jawo farar rigarta ta aiki da aljihunta ya yage. Ya taka keken, ɗinkin ya tafi a karkace.

"Auta, ni ma na sha ce wa mutane ba komai, alhali ɗinkin bai yi ba. Karɓi."

Har ta yi ritaya da rigar take aiki. Kuma ba ta ƙara wanke gilashi ba sai ta ga mai shi ya dawo da ƙafarsa.