Manaja Ba Ya Bin Layi

Ɗan gwaggona, wanda duk dangi ke kira Manaja, shekararsa goma sha tara a ƙasar waje, kuma ban taɓa ganin abin da yake wa manajanci ba sai wani ƙarfe mai ɗagawa da sauka a ƙofar wurin ajiye motoci. Yana zaune a wani ɗan akurkin gilashi da ko kaza za ta raina, da kwat da laktaye, yana danna maɓalli ɗaya tak. Amma in ya kira gida a waya, sai ka rantse jirgin sama ba ya tashi sai da izininsa.

Ni daga baya na biyo shi, ina wanke-wanke a wani gidan abinci, saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Manaja yana da ƙa'ida guda: ba ya bin layi. "Kamar ni, in tsaya ina kallon ƙeyar wani ƙato?" Duk takardar da ta shigo gidan, da ɗan yatsa yake tura wa matarsa: "Ke, je ki ji me suke so." Anti, baiwar Allah, tela ce, tana rage tsawon wanduna a wani shago. Ita ta bi layin ofishin gidaje har aka ba su ciki biyu da falo a hawa na huɗu. Ita ta bi na wuta, na ruwa, na makarantar yara, ita ke sa hannu. Ko rajistar aurensu a kotun ƙasar sai da ta ja shi kamar rago, yana mitar za a ɓata masa guga.

Wata Asabar da hantsi ya nemi farar rigarsa ya tarar ba a goge ba. Magana ta yi tsawo. Ina falo ina shan shayinsu, sai na ga ya fizgi ambulan ɗin takardar wuta, ya rubuta saki a bayansa da jan biro, har da sa hannu mai jela uku.

"Na ba ki mako guda ki tattara."

Anti ta karanta, ta manna shi a jikin firiji.

"Na gani. To kai ina za ka koma?"

"Ni? Da gidana?"

"Je ka tambaya."

Ranar Litinin ya cire ambulan ɗin daga jikin firiji, ya ja ni wurin lauya, wai in riƙe masa jaka. Lauyar, wata mata mai tabarau, ta kalli ambulan ta ce, "Kuɗin wuta ka kawo min?"

"Juya bayan, madam."

Ta juya, na fassara mata jan rubutun. Ta ce, "Abin da ke tsakaninka da addininka, ban da ta cewa. Amma a kotun nan har yanzu matarka ce, sai alƙali ya raba. Gidan da sunan wa?"

"Da sunan maigida mana."

"Wa ya sa hannu?"

Ya gyara laktaye.

"Motar fa?"

Ya sake gyara laktaye.

"To me ke da sunanka?"

Manaja ya lalube aljihu huɗu, ya zaro katin shiga wurin aiki ya ajiye a tebur. Wallahi na danne dariya har sai da kunnena ya toshe.

Da muka fito ya cafki wuyan rigata. "Kai, ɗan banza, in Innata ta ji wannan can gida sai na karya ka."

"Haba Yaya, ni da wane bakin? Ai tun muna ciki na tura mata saƙo."

Ya koma gida da fara'a har kunne, da ledar lemo a hannu. Ya ce wa Anti ya duba ya ga ranan nan fushi ne kawai, ya mayar da ita.

"Madalla," in ji Anti, ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba. "Ni kuwa da safe na kai tawa takardar kotu."

Wata shida aka yi ana zarya. Alƙali ya bar mata gidan da yaran, shi kuma ya riƙa ɗaukarsu Asabar da Lahadi. Ranar kwasar kaya ya rungumi talabijin, Anti ta shiga ɗaki ta fito da rasit. Ya ajiye a hankali.

Yanzu a ɗakina yake, a saman gidan abincin, kan katifa a ƙasa, kansa a gindin murhu ƙafafunsa a bakin ƙofa. Jiya ya dube ni ya ce ɗakin nan bai dace da mutum irinsa ba. Na ce gaskiya ne Yaya, matsar da ƙafarka zan wuce.