Kunyar Baƙi Ta Raba Ni da Abokina

Shekarun baya, lokacin ina da sauran haƙoran tauna rake, wasu ma'aikatan jiha suka zo garinmu a ƙasar Bunguɗu. Suka ce za a mayar da dajin gindin dutse wurin shaƙatawa, da tsari na shekara ashirin: a dasa itatuwa, a kewaye da waya, 'yan birni su riƙa zuwa shan iska. Amma wai sai an ji ta bakinmu tukuna.

To, a cikin dajin nan akwai tabkin da yake kai mu ƙarshen rani. Nan shanun abokina ke sha, wani Bafulatani da muka tashi tare. In an rufe tabkin, zamansa a garin ya ƙare.

Aka taru a ƙofar gidan maigari. Da yake na yi firamare har na kusa gamawa, ni aka sa a gaba a matsayin babban masanin gari, muƙamin da har yau ba a sauke ni ba. Shugaban ma'aikatan, wani matashi mai ladabi, ya shimfiɗa taswira ya bayyana komai. Maganar tabki ma bai ɓoye ta ba. Ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. Shiru. Ya sake tambaya.

Kowa fa yana da ƙorafi. Sai dai a wurinmu ba a ce wa baƙo a'a yana zaune bisa tabarmarka, furarka na hannunsa. Sai ya koma gida lafiya, an kwana biyu, sannan a tashi dattijo ya kai masa amsa cikin mutunci. Don haka muka yi ta sa musu albarka. Abokina ma har ƙwaryar nono ya ba su tsaraba.

Bayan kasuwa ta ci, aka tura ni Gusau tare da abokin nawa. Na sha babbar riga, na tsara jawabi tun a mota. Matashin ya karɓe mu hannu bibbiyu. Da muka gama gaisawa na ce mun kawo amsar gari: a yi komai, amma a bar mana tabki.

Ya saki baki yana kallona. "Baba, ai ranar nan ita ce ranar amsa. Tsarin ya wuce sama, an sa hannu."

Nan take jawabin ya gudu. Na tambaye shi a ina aka taɓa ba baƙo amsa a ranar da ya zo. Shi ma ya rantse mini duk garuruwan da suka zaga bai ga inda aka yi murna kamar namu ba, har labarin nonon yake ba abokan aikinsa. Muka zauna muna kallon juna, kowa yana mamakin ɗan'uwansa.

Abokina bai ɗaga murya ba. "To, Malam, mi shanuna za su sha?"

Matashin ya sunkuyar da kai. Ya ce akan sake duba tsarin bayan 'yan shekaru, iyakar abin da zai iya faɗi ke nan. Kafin rani ya yi tsanani waya ta zagaye dajin. Abokina ya kaɗa shanunsa ya koma wajen Bilbis, wurin dangin matarsa.

Da lokacin dubawar ya zo, ban bari baƙi sun gyara zama ba na miƙe na zazzage musu komai. Maigari ya yi kwanaki yana cewa na zubar da mutuncin gari. Amma an ji, an buɗe wa shanu ƙofa ta gefen tabki.

Na aika wa abokina albishir. Ya aiko da gaisuwa, ya ce ya riga ya binne mahaifiyarsa a can, ba zai iya tashi ya bar ta ba.

Har yau abin na ba ni mamaki: ba wanda ya cuce mu, an tambaye mu, mu ne muka ajiye amsar a aljihu saboda ladabi. Yanzu da la'asar nakan zauna bakin ƙofar nan ina kallon shanu na shiga. Na san masu su duka, amma ba wanda zan tsokana a cikinsu.