Sai An Ɗaure Igiya: Yaya Sidi da Jirgin Hatsi

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Sidi, wanda mutanen tsohon garin Agadas suka fi sani da Sidi Bato, wato Sidi na jirgin ruwa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, ina fasawa. Karatuna na lakwal, wato na boko, bai yi nisa ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin wanda ba ya nan balle ya gyara mini. Don haka abin da na gani da idona zan faɗa, abin da ban gani ba kuma zan ce shi ya ba ni labari.

Yaya ya bar gida yana saurayi. Ya bi motar kaya har Kwatano, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga nan wani jirgin kaya ya ɗauke shi aiki. Ya yi shekaru a kan teku, sai da mahaifinmu ya rasu ya dawo ya riƙe gida. Sana'arsa a nan ita ce tufka igiya da gyaran ragar da ake ɗaure kayan manyan motoci. Da la'asar yakan zauna a ƙofar zaure ya zana mana jirage a ƙasa da tsinke. Ya ce akwai wanda in aka tsayar da shi kusa da hasumiyar babban masallaci, sai ladan ya ɗaga kai kafin ya ga samansa. Akwai na ɗaukar mai, wanda ba a yarda ko ashana a ƙyasta a cikinsa ba. Akwai na yaƙi, mai launin toka, wanda yakan wuce shiru, mutanensa ba sa ɗaga wa kowa hannu. Amma wanda ya fi so shi ne wani ɗan guntu mai baƙin hayaƙi, wanda ba ya zuwa ko'ina, aikinsa kawai ya tura manya da hancinsa har su jingina da gaɓa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda da teku ba. Takan ce, "Ruwa har iyakar gani, kuma ka ce mutum yana mutuwa da ƙishi a kansa? To ina amfaninsa?"

Shi kuma ya ce, "Inna, hamadar Tenere ce fa, sai dai ta jiƙe."

Abin da nake son in ba da labari ya faru ne a babban fari na biyu, lokacin da soja ke mulki. Rijiyar kawunmu ta Dabaga ta ƙafe, garkarsa ta bushe. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare sun kafa bukkoki a bakin gari. Mijina yana Cirozerin wajen aikin gawayi, ni da 'ya'yana muna gidanmu tare da Inna da iyalin Yaya. Abin da ya rage mana duka buhu ɗaya ne na hatsi da ɗan ƙari a ƙwarya. Ni ce mai girki, kuma ni tun ina yarinya ba na iya zuba abu a tukunya ban sake dubawa ba. Uwar Damuwa suke ce mini a gida.

A unguwarmu akwai wata al'ada da muka gada tun zamanin da ayarin raƙuma ke kawo hatsi daga kudu. In ayari ya kusa, akan turo mahayi gaba ya yi albishir. Da an ji shi, kowace mace sai ta zazzage abin da ya rage mata, ta yi tuwo mai yawa, a yi ta kai kwano gida gida. Kaɗe buhu muke ce masa. Abin kunya ne sabon hatsi ya tarar da tsoho a ɗakinki alhali maƙwabciyarki ta kwana da yunwa. Kuma ba a taɓa yin asara ba, don in mai albishir ya shigo, ayari yana bayansa kaɗan.

Wata safiya rediyo ya ce jirgin ruwa ɗauke da hatsin taimako ya iso Kwatano. Ban manta guɗar da ta tashi ba. Kafin hantsi na ji taɓarya a gidan Gwaggo Asabe, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Inna tun suna amare. Daga nan gida na gaba ya ɗauka. Inna ta ce mini, "Dije, jawo buhun nan."

Na shiga ɗaki na tarar da Yaya zaune a kansa.

Inna ta biyo ni. Ta ce, "Sidi, kujera ta ƙare a gidan ne?"

Ya ce, "Inna, a yi mini haƙuri, ba yau ba."

"Ba ka ji rediyo ba? Ko kunnenka ma ka bar shi a teku?"

Ya ce ya ji. Sai ya yi mana bayani a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce in an ce jirgi ya iso, yana iya zama can nesa da gaɓa ya jefa ƙarfensa, yana jiran layi a bayan wasu, kuma shi da kansa ya taɓa zama haka har wata ya mutu wani ya tsaya, suna hangen fitilun gari ba su taka shi ba. In an ba shi wuri, sai a sauke buhu buhu. Sai jirgin ƙasa ya kai rabin hanya, sai motoci su ɗauka su haye kogi, su bi garuruwan da su ma yunwa suke ji, mu ne na ƙarshe. Ya ce, "Mu a jirgi ba ma cewa mun iso sai an ɗaure igiya. Mai girkinmu ba ya buɗe abincin ajiya don an hango ƙasa."

Inna ta ce, "Ni ba a jirgi aka haife ni ba. Yanzu kwanon Asabe zai shigo. Da wane ido zan dube ta?"

Kwanon ya shigo kuwa, cike, har da man shanun da Gwaggo ta daɗe tana ɓoyo. Wasu ma suka biyo baya. 'Ya'yanmu suka ci suka ƙoshi da abincin mutane, mu kuwa muka mayar da kwanoni a wanke, babu komai a ciki. Ban taɓa jin nauyin kwano irin na waɗannan ba. Inna ta shiga ɗaki ta juya fuskarta ga bango.

Ni tsorona kashi biyu ne. In aka dafa, me zan ba yara in jirgin ya makara? In ba a dafa ba, ga gargaɗin da ake ta yi cewa duk wanda aka kama yana ɓoye hatsi zai gamu da hukuma. Kuma Yaya bai tsaya a gida ba, ya bi ƙofa ƙofa yana roƙon maza su hana matansu zazzagewa. Wasu suka yi masa dariya, suka ce gishirin teku ya taɓa masa kai. Ban san wanda ya kai maganar gaba ba, kuma ba zan zargi kowa ba. Abin da na sani, mai unguwa ya zo da soja, suka ce a buɗe ɗaki. Ɗayansu ya dubi buhun ya ce, "Wannan ne ɓoyon?" Har ya yi murmushi. Amma sun tafi da Yaya, wai yana karya wa jama'a gwiwa.

Na wuni ina leƙa ƙofa. Sai la'asar ya dawo, leɓensa a bushe, don a rana aka zaunar da shi. Inna ta manta da fushinta, ta miƙa masa ruwa, ta ce, "Me suka ce?"

"Sun ce jirgi ya iso. Na ce gaskiya ne. Sun ce in daina cewa bai iso ba. Na ce na daina."

"To, a dafa ke nan?"

"Ba su ce a dafa ba, Inna."

Daga ranar bai sake yi wa kowa maganar jirgi ba. Sai ya ɗauko buhun ya ajiye a zaure inda duk mai wucewa zai gani, ya miƙo mini ƙoƙon awo. Na ce ya ba matarsa. Ya ce, "A jirgi, wanda tunanin ruwan sha ke hana shi sukuni, shi ake ba makullin ma'ajiyar ruwa. Ke ce, Uwar Damuwa." Ya ce kada in auna da ranar da nake fata, in auna da ranar da nake tsoro. Kuma kunu kawai za a yi, ba na gidanmu kaɗai ba, na duk yaron da ya zo da moɗa.

Ba a daɗe ba taɓare suka yi shiru a unguwa. Rediyo yana nan yana cewa hatsi yana kan hanya, kuma ba ƙarya ba ne, hanyar ce mai tsawo. Yara suka fara zuwa, da farko a ɓoye, daga baya a fili. Kullum kunun yana ƙara tsinkewa, kullum ina saka hannu a buhu in ji inda ya kai, in fitar, in sake sakawa kamar zai ƙaru. Jikokin Gwaggo Asabe suna zuwa, ita ba ta zuwa, kuma ta daina gaisawa da Inna. Rannan Inna ta ɗebi kunu da kanta ta kai mata, na bi ta da ludayi. Gwaggo tana kwance, ta rame. Ta ce, "Kin zo ki nuna mini ke ce mai ɗa mai wayo?"

Inna ta ce, "Mai taurin kai dai. Tashi ki sha, man shanunki nake biya, kuma da ruwa nake biyan sa."

Gwaggo ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta sha.

Ba kowa muka riƙe ba, kada a ce na ƙawata labari. Wani gida sun ɗaure kayansu sun yi kudu, ba mu sake jin su ba. Wani dattijo ya rasu a lokacin, kuma har yau ban san ko da na ƙara masa ludayi ɗaya da ya kai ba. Yaya ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma tunanin bai bar ni ba.

Ranar da motocin suka shigo gari, Yaya bai yarda da ƙararsu ba ma. Ya tafi da ƙafarsa ya tsaya har ya ga an sauke jar dawa, an fara kiran unguwanni. Sannan ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Dije, kaɗe buhu." Na zazzage. Abin da ya fito bai cika ƙwaryar da nake wanke hatsi ba. Muka yi tuwo da shi duka, kwanon farko ya tafi gidan Gwaggo Asabe. A lokacin na gane Yaya bai ƙi al'adarmu ba. Ranarta kawai ya matsar.

Yau ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Soja sun sake dawowa kan mulki. An yi lokacin da aka rufe iyaka, kayan 'yan kasuwa suka maƙale a waccan tashar da ya yi dako, farashi ya hau a kasuwarmu, mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suna maganar jirage a bakin shago. Ina jin da ya gyaɗa kai kawai. Abin da zai fi ɗaga masa hankali, a ganina, shi ne samarin da suka riƙa ratsa garinmu suna nufin arewa, don su hau kwalekwalen roba su tsallaka teku. An nuna mini hotonsa a salula. Na nemi inda za a ɗaura masa igiya ban gani ba. Mutumin da ya ce ko babban jirgin ƙarfe sai ɗan guntu ya tura shi kafin ya sami gaɓa, ina tsammanin da ƙofa ƙofa zai sake bi, ko za a sake zaunar da shi a rana.

Duk da haka ba na son a karanta wannan a ce matan unguwarmu wauta suka yi. Sun yi abin da iyayensu suka koya musu, kuma sun yi shi da zuciya ɗaya. Ranar nan ta kaɗe buhu ita ce kaɗai a duk farin da na ga yara suna gudu suna wasa da cikakken ciki, har da nawa. Mai albishir ɗin ne ya sauya, ya koma murya a akwati, ayarin kuma ya koma bayan teku, ba wanda ya gaya musu. Yaya ya sani ne kawai don ya taɓa zama yana hangen gari bai taka shi ba. Na san haka shi ma ya ɗauke su, don bai taɓa yi wa kowa gori ba, ko bayan komai ya wuce.

Bai bar dukiya ba. Ragar da ya ɗinka ta ruɓe, jiragen da ya zana iska ta share su tun a ranar. Abin da ya rage shi ne yaran da suka zo da moɗa, waɗanda yau wasunsu ke da jikoki, kuma yawancinsu ba su san buhun wa suka sha ba. Sai kuma ni, da ya ɗauki abin da kowa ke yi mini dariya a kansa ya mayar da shi aiki. Har yau ina auna hatsi da ranar da nake tsoro. In jikata ta kira daga mota ta ce, "Kaka, mun iso," sai na ce, "Kin sauka?"

Sau ɗaya ne kawai na saɓa. Ranar da ya rasu, na zauna a tsakar gida har maza suka dawo daga maƙabarta, babban ɗansa ya ce mini an rufe shi lafiya. Sai na tashi na jawo duk hatsin da ke gidan na zazzage, ban ɗauki ƙoƙon awo ba. Matar Yaya ta riƙe mini hannu ta ce, "Dije, gobe fa?" Na ce mata ya iso, an ɗaure igiya.

Allah ya jiƙan Yaya Sidi, da Inna, da Gwaggo Asabe, ya sa sun sauka a kyakkyawar gaɓa.