Cikin da Uwani ta ɓoye

Bana shekara arba'in da tara ke nan da rasuwar matata ta fari, Uwani. Duk wanda ya san ta a Fagge ya bi ta: Innata, iyayenta, har ƙawayen da suka rako ta ranar tarewa. Saura ni kaɗai, ni ɗin ma in na rufe ido ina neman fuskarta sai na yi da gaske. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun da sauran abin tunawa.

Mun yi aure lokacin da kuɗin mai suka shigo gari. Ni tela ne, a shekarun nan kuwa ko masinjan ofis sai ya ɗinka babbar riga. Kekena ba ya hutawa. Na sayi babur, na sayi rediyo mai kaset, ina ji da kaina. Uwani ba ta bari kan ya kumbura. Ina shigowa za ta ce, "Sannu da zuwa, Alhajin da bai ga jirgi ba."

Duk kaifin bakin nan nata, abu ɗaya ya gagare ta faɗa. Ta samu ciki, ta yi shiru. A zamaninmu cikin fari abin kunya ne, ba a gaya wa miji, balle uwar miji. Tsofaffi kan gane, amma su ma sai su kau da kai har ranar da zane ya ƙi ɗauruwa. Na ga ta daina cin miyar kuka, ta koma tsotsar tsamiya. Na tambaya, ta ce zafin gari ne, na yarda.

Da ciwon mara ya taso mata ta gefe guda, Inna ta ce, "Ke 'yar nan, ko dai?" Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba komai, Inna, ciki ne ya ƙulle." Aka jiƙa mata kanwa. Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan, kowa ladabi yake yi.

Wata rana da hantsi ina shago aka aiko cewa ta faɗi a bakin murhu. Muka sa ta a tasi, muka sha cunkoson shataletalen Bata, sababbin motoci sun toshe ko'ina, har muka isa wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Likitan, wani dattijo ɗan kudu, ya tambaye ta da Hausarsa ta kasuwa yaushe rabonta da al'ada. Ina tsaye a kanta. Ta dube ni, ta juya fuska bango. Sai da aka fitar da ni sannan ta raɗa wa nas. Kafin a shirya tiyata jini ya gama zuba a ciki.

Likitan ya same ni a baranda ya ce, "Malam, sai haƙuri. Cikin bai zauna a mahaifa ba, a hanya ya tsaya, wurin ya fashe." Na ce, "Wane ciki?" Haka na ji labarin ɗana na fari, bayan an riga an lulluɓe uwarsa.

Na sake aure, Allah ya ba ni zuriya, uwarsu ma ta riga ni. Yanzu gidana na unguwar Kwaciri ya yi mini yawa. Kwanan baya jikata Ummi ta zo, ta miƙo mini waya tana cewa, "Tsoho, ga wanda zai ƙwace maka fada." Na duba, duhu-duhu ne da wani ɗigo kamar ƙwayar wake. Wai hoton ciki ne, sikanin aka yi mata, cikin ko wata biyu bai cika ba. Ta ce abin da likita ta fara dubawa shi ne ko ya zauna a mahaifa, ya kuwa zauna, har bugun zuciyarsa an jiyar da ita. Duk wannan a gaban kakanta, ko ɗar. Na ce, "Ku dai ba ku da ta ido." Ta yi dariya ta turo mini hoton a wayata. Da ta fita na zauna a tabarma ina ta kallonsa.

Da Uwani za ta leƙo yau, salati za ta fara yi, ta ce yau ga rashin kunya har da hoto. Amma na san halinta, tana gama salatin za ta fizge wayar ta ce kan yaron irin nawa ne. Ni kuwa gani nake domin irinta aka yi na'urar nan. Ba sai an tambaye ta a gaban miji ba. A ɗora mata a mara kawai, abin da ta kasa faɗa ya fito da kansa tun ciwon yana ƙarami. Na san kwana na Allah ne, ban ja ba. Amma ina kewarta, kuma tsufa bai rage komai ba.

Me ya rage na Uwani? Ba ta bar ɗa ba. Ɗakinmu na Fagge ya zama shagon atamfa, kabarinta ya baje tuntuni. Sai addu'ar da nake mata bayan kowace salla, Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da abin da ta ɓoye. Mun sha cewa za mu je Sabon Gari a ɗauke mu hoto in ɗinkin salla ya lafa, bai kuwa lafa ba. Yau ga ni da hoton wanda bai zo duniya ba tukuna. Ita da ta zo, ta yi shekara ashirin a cikinta, ko ɗaya ba ni da shi.