Kwana Uku da Ogbonna Ya Yi Yana Neman Malam Toma

Shekara tara ke nan shagona na hoton takardu yana maƙwabtaka da teburin Ogbonna a bakin titin Samaru, kuma ban taɓa ganin mutumin nan ya zauna ya ci abinci ba. A tsaye yake ci. Yana da benci, amma littattafai ne jibge a kai. In babu ciniki sai ya sake jera tsofaffin littattafan da ya jera ɗazu, ya tsallaka titi ya gaisa da mai lemo, ya dawo ya leƙo shagona ya ce, "Madam, injin nan naki sai ka ce zai tashi sama," ya fice kafin in ba shi amsa.

A unguwar Muchia ta Zariya aka haife shi. Babansa ya zo daga kudu aikin jirgin ƙasa, kuma a Zariya aka binne shi. Hausar Ogbonna ta fi yaren Ibonsa, har matarsa Ugomma takan yi masa gori a kan haka. Yana saurayi ya sami aikin haska fim a wani gidan silima na Sabon Gari. Jama'a fina-finan waƙa da na faɗa suke so, su ne ke cika gida. Amma a ɗakin ajiya akwai wasu tsofaffin fina-finai marasa kala da ake sakawa ranar da babu kasuwa, kuma su ne suka kama shi. Kusan duk labarinsu iri ɗaya ne: mai bincike mai zaman kansa, da ɗan ƙaramin ofis a saman bene, da wanda zai shigo ya ce a nemo masa wani, rabin maganarsa ƙarya.

Sai daga baya ya gano cewa daga littattafai aka ɗauko su. Ya shiga farautar littattafan a wurin masu gwanjo, ya karanta, ya koma ya kalli fim ɗin, ransa ya ɓaci. "Sun lalata labarin," in ji shi. "A littafi mutumin nan duka yake sha, ya gano gaskiya, gaskiyar ba ta yi wa kowa daɗi ba, ya koma gida shi kaɗai. A fim kuwa sai su wanke shi tas, su ba shi mace, su sa masa kiɗa."

Da silima ta mutu ya buɗe shagon hayar kaset a unguwar PZ. Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma waya ta kore shi. Yanzu tsofaffin littattafai yake sayarwa, yana kuma tura wa ɗalibai fina-finai a waya. Waɗancan marasa kalar da kansa ya fassara su da Hausa, muryarsa a kan ta kowa, maza da mata. Duk inda masu fim suka yanke wani abu, sai ya tsai da hoton ya ce, "To, jama'a, a littafi ba haka aka yi ba," ya ba da labarin yadda yake. Ɗalibai suna dariya, amma suna dawowa neman wani.

Cikin bazarar bara, wata Litinin da hantsi, Mama Edith ta zo teburinsa. Mai sayar da abinci ce a bayan layinmu, mutuniyar kudancin Kaduna. Ina tsaye a bakin shagona, don haka na ji komai. Ta ce yayanta Malam Toma, tsohon malamin firamare da ke zaune a gidanta a Hanwa tun rasuwar matarsa, ya fita kwana goma sha huɗu ke nan bai dawo ba. Sun kai rahoto, sun duba asibitoci, an yi sanarwa a coci. Ya bar wayarsa a kan gado.

Ogbonna ya ce, "Mama, ni ba ɗan sanda ba ne. Littattafai nake sayarwa."

Ta ce, "Na sani, Oga. Amma kai ne ka san kowa daga nan har Sabon Gari, kuma kai ne ba ka gajiya da yawo. Ni in na bar tukunya kwana ɗaya, babu abin da za mu ci."

Ya tsaya yana juya wani littafi a hannunsa. Can ya tambaye ta abin da Malam ya ɗauka da zai fita. Ta ce jakarsa ta hannu da kaya kala biyu. Tabaransa fa? Ya bar shi, da littafin waƙoƙin coci da ba ya rabuwa da shi. Ogbonna ya lulluɓe teburinsa da leda ya ce mini, "Madam, ki sa mini ido," ya tsai da keken haya.

Ranar farko bai samo komai ba. Ya je Hanwa ya duba ɗakin, ya yi magana da maƙwabta, ya je tasha ya nuna wa direbobi hoto. Da la'asar ya dawo jiƙe da gumi, yana kai da kawowa a gaban shagona har sai da na ce ya matsa, yana tare mini masu ciniki.

"A littafi," ya ce, "da yanzu wani ya biyo ni ya kwaɗa mini abu a ƙeya, in san na kusa. Nan kuwa kowa sai ya ce Allah ya bayyana shi, ya ba ni ruwa."

Rana ta biyu ya canza dabara. Ya daina tambayar inda Malam ya tafi, ya koma tambayar abin da yake yi kafin ya tafi. Mai jarida na PZ ya ce shekara ashirin Malam yana zuwa karanta kanun labarai a tsaye, amma wata huɗu ke nan ya daina. In ya zo sai ya ce a faɗa masa abin da aka rubuta. Mai askinsa ya ce kwanaki ya miƙa wa madubi hannu, yana zaton mutum ne. Wata mai kyamis ta ce ya sayi maganin ɗigawa a ido har sau uku. A coci kuwa wani dattijo ya gaya masa cewa Lahadin ƙarshe Malam ya hau yin karatu a gaban jama'a, kamar yadda ya saba shekara talatin, ya buɗe shafi ya karanto wani wuri dabam da ka. Kowa ya lura. Washegari ya ɓace.

Ogbonna ya dawo ya faɗa mini wannan yana goge wuya da hankici. Ya ce, "Makanta ce ke kama shi, Madam. Ba sace shi aka yi ba. Kunya ce ta kore shi. Kuma wanda ba ya gani ba zai yi nisa ba, wurin wanda ya sani zai je."

Rana ta uku ya koma wurin Mama Edith ya sa ta lissafa masa abokan Malam tun na ƙuruciya. A ƙarshe ta ambaci wani Kehinde, kafinta a Muchia, wanda suka yi firamare tare, ta ce ai sun yi shekaru ba sa zumunci. Ogbonna ya san shagon, layi biyu ne daga gidan da aka haife shi.

Da azahar ya isa. Baba Kehinde yana goge katako, ya ce bai ga kowa ba, amma bai ɗago kai ba da yake faɗa. A igiyar bayan shagon akwai farar riga mai dogon hannu a shanye, irin wadda kafinta ba ya sawa. Ogbonna ya zaga. Malam Toma yana zaune a kan kujerar da ba a gama haɗawa ba, yana fuskantar bango.

Abin da suka yi a nan Ogbonna ne ya ba ni labari daga baya. Ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi.

Malam ya ce, "Ka koma ka ce ba ka gan ni ba."

"Malam, ƙanwarka ba ta iya cin abincin da take dafawa."

"Edith tana da 'ya'ya huɗu a wuyanta. In ƙara mata makaho? Na koyar da rabin unguwar nan karatu. Ba zan zauna a ƙofar gida ana ja mini hannu zuwa bayan gida ba. Kehinde ya yi mini alkawari. Kai ma ka yi mini."

 Ogbonna ya zagaya tsakar gidan sau uku yana taka ɓawon katako. Ya matso ya dubi idanun tsohon da kyau, ya ga farin abu ya rufe ƙwayar. Ya tambaya ko likita ya duba. Malam ya ce babu amfani, haka babansu ya ƙare.

Ogbonna ya ce, "Ba zan yi maka alkawari ba, Malam. Ita ta aiko ni, kuma ita zan koma wa. Ka yi haƙuri."

Malam ya kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba. Ogbonna ya fito ya hau keke, bai tsaya ko'ina ba sai gaban tukunyar Mama Edith. Ta ajiye ludayi, ko ɗankwali ba ta gyara ba, suka koma tare. Ya ce da ta shiga ba ta yi kuka ba. Durƙusawa ta yi a gabansa ta ce, "Yaya, tashi mu tafi gida. Ka bar ni da kunya a gaban mutane." Baba Kehinde ne ya juya baya yana share fuska da gefen riga.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun. Bayan wata biyu aka yi masa aiki. Na dama ya buɗe, na hagu ya riga ya lalace. Mama Edith ta kawo wa Ogbonna kwanon tuwo da miyar kuka da kaza guda, ya ci a tsaye. Malam kuwa ya aiko cewa kada mai littattafan nan ya sake taka masa ƙofa.

Abin ya dame shi fiye da yadda ya nuna. Mako guda bai fassara ko fim ɗaya ba. Yakan leƙo shagona ya ce, "Madam, da ke ce, me za ki yi? Mutum ya roƙe ni da bakinsa." In ce ai ga shi yana gani. Ya ce, "Da ido ɗaya. Da idon bai buɗe ba fa? Da na tona masa asiri a banza ke nan." Ya fita, bayan minti goma ya dawo da tambayar.

Cikin watan Nuwamba, wata Asabar da safe, na hango Malam Toma yana tahowa shi kaɗai a gefen titi, da sabon tabarau mai kauri. Ya tsaya a teburin. Bai yi gaisuwa ba. Ya ɗauki wani littafi ya kai shi kusa da idon dama, ya ajiye, ya ɗauki wani.

Ya ce, "Ba ka da masu manyan baƙaƙe?"

Ogbonna ya durƙusa ya kwashe kwalin ƙarƙashin tebur gaba ɗaya a ƙasa, ya zaƙulo guda biyu. Malam ya zaɓi ɗaya, ya ce kuɗin ya yi yawa, suka yi ciniki kamar ba su taɓa ganin juna ba. Ya biya, ya sa littafin a hammata, ya tsaya a bakin titi ya duba dama da hagu a hankali, ya tsallaka. Ogbonna ya bi shi da kallo har ya shiga keke, sannan ya sunkuya ya fara mai da littattafan cikin kwali.